Wata Goma Sha Ɗaya da Lasisin Rafik Ya Mutu

Toledo, Ohio
14 ga Afrilu

Zuwa ga yayata Wadad,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da begen ganinki, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Abu Nizar da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya gwiwar taki? An tsegunta mini har yanzu kina hawa rufin ɗaki shanya, bayan likita ya hana ki. Ba ki jin magana, Yaya, tun muna yara haka kike. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya raba ki da kwanciya, Ya kuma jiƙan Mama da Baba, Ya haskaka makwancinsu. Mu nan jiki lafiya. Ƙanƙara ta narke, an kwance wa itacen ɓauren bayan gida tsofaffin bargunan da ake naɗe shi da su duk hunturu, har ya fara toho. 'Yarmu Sausan tana can asibitin da take aiki a Columbus, aiki ya sha mata kai, sai ƙarshen wata muke ganinta. 'Yarmu Lamis da mijinta suna lafiya, 'yarsu ta fara takawa tana kama kujeru.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna alhali kowace Juma'a muna waya. Abin da ke cina ba na waya ba ne. Sau uku ina ɗauko zancen, ki katse ni da labarin maƙwabciyarki da awakinta, ni kuma in ji daɗin katsewar. Yaya, wata biyar ke nan lasisin maigidana Rafik da sunansa suna gaban hukumar injiniyoyi ta Michigan, kuma ni na kai su can da hannuna. Mutumin da ya shekara arba'in da ɗaya yana wannan aiki ba wanda ya taɓa nuna shi da yatsa. Ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki fara yi mini faɗa.

Kin zauna a nan, kin san yadda abin yake. Daga ƙofar ofishinmu zuwa iyakar Michigan tafiyar minti goma ce, rabin aikinmu a tsallake yake. Don haka lasisi biyu gare shi, hatimi biyu, kowace jiha da lokacin sabuntawarta da sa'o'in ƙarin ilimin da take nema, kuma babu ƙaramar hukumar da za ta ba da izinin gini sai ta ga hatimin jiharta a kan zanen. Shi kan ce wai ƙarfe da siminti ba su san sun tsallaka jiha ba, takarda ce kawai ta sani. Tun da muka buɗe ofishin, shekara talatin da huɗu, muka raba aiki: lissafi nasa, takardu nawa. In jera su gefen gahawarsa da safe, in ɗiga alama inda zai sa hannu, ya bi ya sa, idonsa na kan wani zanen. Na sha tsokanarsa cewa ko takardar sallama masa gidan na ajiye zai sa hannu ya ce a ƙaro gahawa. Sai ya yi dariya ya ce ai Ummu Lamis ta fi shi iya karatu.

Kin tuna shekarar da Mama ta kwanta, na zo da niyyar mako uku na yi wata huɗu. Kafin in taso na sabunta na Ohio. Na Michigan lokacinsa bai yi ba, na ce sai na dawo. Da na dawo kin dai ga yadda na bar ku, kamar an zare mini laka. Takardar tunatarwa ta zo tana cikin tulin da ya taru a teburina, na haɗa da tallace-tallace na zubar, ko dai na cusa a wani wurin, wallahi har yau ban sani ba. Lasisin ya mutu ba wanda ya lura. Shi kuwa hatimi ba ya mutuwa a hannu, ka danna ya fito fes kamar kullum. A cikin wannan tsakanin aikin tsallake ya ja baya, sau ɗaya kawai Rafik ya buga shi, a kan zanen ɗakin taron wani garin manoma da ke tsallake, inda suke bukukuwansu da zaɓensu. Babban rufin ƙarfe ne, mai ɗaukar nauyin ƙanƙara. Lamis ce ta yi lissafinsa a ƙarƙashin kulawar babanta, aikinta babba na farko bayan ta gama jami'a. Ofishin gine-ginen garin suka ga hatimin da suka saba gani shekara da shekaru, suka ba da izini, aka yi gini aka buɗe.

Sai bayan wata goma sha ɗaya na gano, ranar da wani mai ba mu aiki ya nemi kwafin lasisin na je ɗaukowa. Na ga kwanan watan ya wuce tuni. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in taka ɗaki na gaba in faɗa masa. Taku goma ne, Yaya. Na kasa. Kunya ta hana ni, da girman kan da kika sani, ni da nake cika baki cewa ba takardar da ta taɓa ɓata a hannuna. Na nemo fom ɗin maido da lasisi na cika. A ciki akwai tambaya ɗaya, ko mai lasisin ya yi aikin injiniya a jihar a lokacin da lasisin yake a mace. Na daɗe ina kallonta, sannan na zaɓi a'a. Da safe na sa fom ɗin a tsakiyar sauran takardu, na ɗiga alama, ya sa hannu yana ba ni labarin wani magini. Lasisin ya dawo. Na ce shi ke nan an rufe, na yi shekara biyu da rabi ina cin abinci ina barci kamar mutuniyar kirki.

A Nuwamban da ya wuce Lamis ta cika shekara huɗun da ake buƙata tana aiki ƙarƙashin mai lasisi, jarrabawarta kuma ta ci tuni, saura ta nemi nata lasisin. A fom ɗin ana so ta jera ayyukan da ta yi, da kwanan watansu, da injiniyan da ya kula da ita. Kin san ta, jinin ubanta ce, ba ta rubuta lamba sai ta duba sau biyu. Ta buɗe shafin hukumar don ta kwafo lambar lasisin babanta, sai ga tarihin a fili, da giɓin wata goma sha ɗaya a tsakiya, ga kuma kwanan watan ɗakin taron ya faɗa cikin giɓin daidai. Ta kai masa a ofis ina zaune. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake dubawa, sai ya hau faɗa. Ya ce wai wani malalacin ma'aikaci ne ya danna abin da bai sani ba, shi da tun kafin a haifi waɗannan yaran na kwamfuta yake riƙe da lasisi. Ya juyo ya ce in faɗa wa 'yata ko mun taɓa makara ko da kwana ɗaya. Na ce ban tuna ba. Bai ma saurari amsar ba, ya ce a rubuta musu, yana so ya je da ƙafarsa su gyara kuma su ba shi haƙuri a rubuce.

Ni na buga wasiƙar, Yaya. Ni na sa mata kan sarki. Suka ba shi rana, Alhamis ta biyu a Disamba, saura mako uku. Waɗannan makonni ba na fatan maƙiyina ya gan su. Kullum yana ta shirin abin da zai faɗa musu, yana gwadawa a kaina a teburin abinci, yana tambayata ko ya yi zafi da yawa. A masallaci ya ba abokansa labari, suna ta zuga shi wai ya nuna musu shi ba sa'ansu ba ne. Ya ce in fito masa da rasit da kwafin sabuntawar waccan shekarar, na ce ina nema. Kowace safiya sai ya tambaya, kowace safiya in ce ina nema. Na rame har ya ce ko sukarina ne ya tashi, ya sayo mini magani. Na sha a gabansa.

Ana saura kwana huɗu Lamis ta zo gida da rana ta same ni a kicin ina naɗe shinkafa a ganyen inabi. Ta wanke hannu ta zauna tana taya ni, ba ta ce komai ba har muka cika rabin tukunya. Sannan ta ce, ba ta ɗago kai ba, ta bincika durowar ofis ta ga kwafin fom ɗin maido da lasisi, kuma ta san rubutun uwarta. Na so in yi mata tsawa, in ce yaushe ta fara binciken kayana, amma ta riga ni. Ta ce Mama, kina kallo zai shiga ɗakin nan yana ɗaga murya yana neman a ba shi haƙuri, su kuma su zaro takardar da ya sa wa hannu su ajiye masa a gaba. Na ce to ta cire ɗakin taron daga fom ɗinta mana, a rubuta musu a ce an fasa zuwa, wa zai tono? Kin ji abin da na ce wa 'yata. Ta dube ni ta ce ita ba za ta fara aikinta da ƙarya ba, kuma mutane ɗari uku ke zama ƙarƙashin wancan rufin, suna da haƙƙin a ce wanda ya sa masa hatimi yana da ikon sawa. Ta ce ta ba ni zuwa safiyar Alhamis, in ban faɗa ba za ta tare shi a bakin mota ta faɗa da kanta. Na ji haushinta ƙwarai, har na ce mata marar kunya. Ta ƙarasa naɗe ganyen ta tafi.

Litinin ta wuce, Talata, Laraba. Safiyar Alhamis ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, na auren Lamis, ya ɗauki jakar takardunsa. Motar Lamis na hango ta shigo layinmu, sai na yi wuf na ɗauki mayafina na ce zan raka shi. Ya ji daɗi, ya ce gara in zo in ga yadda ake koya wa ma'aikatan gwamnati aiki. Lamis ta tsaya a bakin titi muka haɗa ido, na gyaɗa mata kai, ta bar mu muka wuce. Tafiyar awa biyu ce zuwa babban birnin Michigan, inda ofishin hukumar yake. Na ce a raina in mun hau babban titi zan faɗa. Muka hau. Na ce in mun tsallaka iyaka. Muka tsallaka, yana ta yi mini bayanin wata gada da muka bi ta ƙarƙashinta. Sai da muka yi rabin hanya na ji kaina ina magana, ban ma san da wace kalma na fara ba. Na faɗa masa duka, da takardar da na zubar, da tambayar, da amsar da na zaɓa, da safiyar da ya sa hannu.

Bai taka birki ba, bai dube ni ba. Ya ci gaba da tuƙi har muka kai wani gidan mai, ya shiga ya tsaya can gefe ya kashe mota. Na ce ya zage ni, ya ce duk abin da zai ce. Tambaya ɗaya ya yi, wai tun yaushe na sani. Na ce shekara biyu da rabi. Ya maimaita, shekara biyu da rabi, a hankali, kamar yana duba lissafi. Na ce mu juya, mu nemi lauya, a ɗaga ranar. Ya ce shi ya nemi a ba shi lokaci, kuma bai taɓa makara wurin da ya yi alkawari ba. Ya tada mota. Muka ƙarasa sauran awa ɗayan zuwa ofishin hukumar.

Wadda ta karɓe mu mai bincike ce, mace mai natsuwa, ba za ta wuce sa'ar Lamis da yawa ba. Ta ba mu kujera, ta buɗe fayil, abin da Lamis ta faɗa kuwa shi ya faru: kwafin fom ɗin ne a sama. Kafin ta yi magana Rafik ya ce ya zo da ƙorafi amma ya janye shi, tarihin da ke shafinsu daidai ne. Ya ce a cikin waɗannan watanni ya buga hatimi a kan gini ɗaya, ya faɗi sunan garin da kwanan wata. Ita ba ta ma san da ginin ba, Yaya, shi ya kai kansa. Ta rubuta, sannan ta juyo fom ɗin ta nuna masa tambayar, ta ce sa hannunsa ne wannan? Ya ce nasa ne. Ta ce ta lura rubutun da aka cika fom ɗin da shi daban yake da sa hannun, wa ya cika? Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Ya ɗora hannunsa a kan nawa ya danne. Ya ce a saman sa hannun an rubuta cewa mai sa hannu ya karanta kuma ya tabbatar, to shi ne mai sa hannun, injiniyan da ya sa sunansa a kan abin da bai karanta ba kuwa ba shi da wanda zai nuna. Sai ya ce matarsa rakiya kawai ta yi masa saboda nisan hanya, ko za a bar ta ta jira a waje. Na fita na zauna a benci minti arba'in, ina jin muryarsa ta bayan ƙofa ba na jin kalmomin.

Daga nan sai jira. Hukumar ta sa wani injiniya daban ya sake bin lissafin rufin tun daga farko, ya je ya hau ya duba. Rafik da kansa ya kira shugaban garin ya faɗa masa, kafin takarda ta riske su. Kwana goma sha biyu aka yi ana wannan duban, a tsakiyar Janairu, ƙanƙara na zuba ba ƙaƙƙautawa, ni kuma duk zubar da ta yi sai in ji a ƙirjina. Rufin ya fito lafiya, ko ƙusa ɗaya ba a ce a ƙara ba. Ranar ce kawai na ga Rafik ya ci abinci sosai. A gida bai fasa gaishe ni ba, bai fasa ce mini sannu da aiki ba, ko sau ɗaya bai tayar da zancen ba. Da ya yi mini ihu da na samu sauƙi. Abokansa na masallaci suna tambayarsa yaya aka ƙare da ma'aikatan, ya ce musu laifinsa ne, ya manta bai sabunta ba. Na ji ɗaya daga cikinsu yana tsokanarsa wai tsufa ya zo, Abu Lamis, a miƙa wa yara. Ya yi murmushi ya ce haka ne.

Jiya hukuncin ya iso. Sun dakatar da lasisinsa na Michigan shekara ɗaya, da tara, kuma za a sa sunansa a jerin waɗanda aka hukunta, inda duk mai so zai buɗe ya karanta. Laifin da aka rubuta ba na mantuwa ba ne kawai, har da ba da bayanin da ba gaskiya ba. Rafik, Yaya, wanda kika sani. Sun ce sun sassauta saboda shi ya kawo kansa. Doka ta ce sai ya sanar da hukumar Ohio, ya kuwa rubuta musu jiya da hannunsa, yanzu muna jiran abin da su ma za su ce. Shekararsa sittin da takwas, ban sani ba ko zai sake neman na tsallaken. Lamis ta miƙa fom ɗinta da ɗakin taron a ciki da kwanan watansa na gaskiya, ba mu sani ba ko za a ƙirga mata waɗannan watannin ko sai ta ƙara jira.

Yau da safe na shirya zan bi shi ofis kamar kullum, na riga na ɗauki jakata. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce Ummu Lamis, kin gaji, ki huta. Na ce ban gaji ba. Ya ce daga yau Lamis za ta riƙe takardu, in ba shi makullin durowar. Muryarsa a sanyaye, ba faɗa a ciki, har yana kawar da kai don kada ya ga fuskata. Na hau zare makullin daga cikin na gida, ya tsaya yana jira bai taya ni ba. Na miƙa masa. Ya ce na gode, ya ce kada in jira shi da abincin rana. A gaban hukuma ya rufa mini asiri ya ɗauki abin a kansa, amma ya daina yarda da ni, kuma ba ni da bakin cewa ya zalunce ni. Na ji fitar motarsa, na zauna a kicin da mayafina a kai har rana ta ɗaga, sannan na nemo takarda na fara rubuta miki.

Ki gaishe mini da Abu Nizar, da Nizar da matarsa Hiyam, da Gassan, da Inna Fadwa in kin leƙa ta, ki ce ina sane da alkawarin maganin idonta. Sausan ba ta san komai ba, ki bar ni in faɗa mata da bakina. In kin je kabarin Mama ki yi mana addu'a, kada ki ɗora wa rashin lafiyarta wannan abu ko a zuciyarki, ni na yi. Ranar Juma'a in kin kira, shi zai fara ɗauka kamar yadda ya saba. Ki gaishe shi da kyau, Yaya, ki daɗe kina gaishe shi. Shi bai san na faɗa miki ba, kuma zai ce miki laifinsa ne.

Wassalam. Taki ƙanwa,
Nuhad